Daga Wutsiya Ake Fara Lambatu

Jiya mutum biyu daga cikinku suka shigo ofishina da kwamfuta, suka buɗe min hoton wani gari da aka ɗauko daga sama, suka ce kafin la'asar za su zana masa titi. Na san za su iya. Layi biyu ne a miƙe, lambatu hagu da dama, na'ura ta lissafa kwalta da tsakuwa. Ban yi musu faɗa ba, don da ina da irin kayan nan a shekarunku, ni ma haka zan ce. Amma tunda bana zan ajiye alli, ku gyara zama, 'ya'yana, in ba ku labarin titi ɗaya da ya ci min shekaru, wanda tsawonsa bai kai daga ƙofar jami'a zuwa ɗakin karatu ba.

Sai dai ku fara sanin wanda ya koya min. Dakta Abba sunansa, Allah ya jiƙansa. Iyayensa mutanen Borno ne da suka daɗe a Kano. Dogo ne, ba ya ɗaga murya, ba ya kuma maimaita magana. Ni kaɗai ce mace a ajinmu. Ranar da muka fara fita awo, maza suka yi rububin na'urar nan mai ƙafa uku, kowa yana son ya sa ido a ciki. Shi kuwa ya miƙo min sandar awo ya ce, "Rabi, je ki can ki tsaya." Na ɗauka don ina mace ne, ashe kowa sai ya ɗanɗana. A cikin gonar dawa na koyi riƙe sanda a miƙe ƙyam, rana tana dukana, ƙarangiya ta cika min gefen zane. Abin da yake faɗa shi ne, mai leƙen na'ura lamba kawai yake gani, mai riƙe sanda shi yake taka ƙasar, shi ya san inda ƙafa take nutsewa.

Wata rana kuma ya kwashe mu ya kai mu wata mahaɗar hanya a cikin birni, ya aro mana benci a wajen mai shayi, ya ce mu zauna mu duba, ya bar mu a nan. Da ya dawo ya tambaya, "Me kuka gani?" Muka ce motoci. Ya ce mu ci gaba da dubawa, ya tafi abinsa. Sai a dawowarsa ta gaba wani daga cikinmu ya ce ya ga wata tsohuwa da kwando a ka ta daɗe tana neman tsallakawa, har ta haƙura ta koma. Dakta Abba ya ce, "To, yanzu mu tafi gida."

Na gama, na yi bautar ƙasa, na dawo jami'a koyarwa. Digirina na biyu da na uku a kan ƙasar marmara na yi su, da irin nauyin da take iya ɗauka. Shekaru na yi a ɗakin gwaji ina gasa ƙasa a tanda, ina tankaɗe ta a rariya, ina ɗora ta a sikeli. Kada ku raina wannan. Titin da ba a san ƙasarsa ba, damina ɗaya ta ishe shi.

Ina cikin wannan rayuwa sai ga Malam Idi. Mai unguwa ne a garin kakannina na wajen uwa, wani ƙaramin gari tsakanin Makoda da Kunci, inda gonaki suke manne da bayan gidaje. Ya yi ta tambaya har ya gano ofishina. Ya cire takalmi a bakin ƙofa, na ce ya mayar, ya ƙi. Bayan mun gaisa ya kira ni da sunan mahaifiyata, ya ce:

"'Yar Hajara, wasu mutane sun zo da jan fenti, sun bi titin kasuwa suna shafa alama a jikin zaurukanmu. Sun ce kwalta za a yi. Mun yi murna da kwalta, amma jan fentin nan ya tayar da hankalin gari. An ce ke kika karanta hanya."

Na ce, "Baba, na karanta, amma ba ni nake ba da aiki ba. Ba ni da ikon tsayar da katafila."

Ya ce, "Ba tsayarwa muka ce ki yi ba. Zuwa za ki yi ki gani."

Na je ranar Asabar. Titin burji ne. Ya taso daga bakin babbar hanya, ya ratsa kasuwa, ya wuce masallaci da makarantar firamare, ya ƙare a asibitin sha-ka-tafi. Darbejiya jere a gefensa, da wata babbar tsamiya da dattawa suke zama a gindinta. Zanen da aka yo daga ofis ya ba shi faɗin da tirela biyu za su wuce juna. Wannan faɗin zai cinye zauruka da dakalai da kusan duk bishiyoyin.

Garin ya rabu biyu. Masu jan fenti a zaure suna gefe ɗaya. A ɗaya gefen akwai Alhaji Sabo, babban ɗan kasuwar hatsi da gyaɗa. Kada ku ɗauke shi mugu. Rabin garin shi yake sayen amfanin gonarsu, kuma hujjarsa gaskiya ce: da damina manyan motoci ba sa yarda su shigo, sai hatsi ya faɗi a hannun manomi. Shi burinsa tirela ta tsaya a ƙofar sitonsa.

A taron farko a gindin tsamiya kowa zaurensa yake karewa, ba wanda yake sauraron wani. Da aka ba ni dama na ce, "Ni ba zan kawo muku wani zane daga Kano ba, an riga an kawo muku ɗaya kun gani. Ku za ku binciki titinku, ni in taya ku da awo." Ba su taɓa jin an ce manomi zai yi bincike ba. Daga baya aka zaɓi mutane kaɗan. Malam Idi ne a gaba, sai Lawan, shugaban 'yan acaɓa, magidanci mai baki da saurin fushi da saurin hucewa.

Aikin da ya fi koya min sana'ar nan a tsakar gidan Inna Talatu na yi shi. Tsohuwa ce mai suyar ƙosai a bakin kasuwa, mijinta ya daɗe da rasuwa, gidanta yana bakin titi ta can ƙasa. A nan zamana mace ya yi min rana, don "ba shiga" da ake rubutawa a zaure ba da ni ake ba. Ta tara min matan unguwa. Ba takarda, ba biro. Muka share ƙasa, muka zana titin da toka, muka jera tsakuwa a matsayin gidaje. Na ce duk inda ruwa yake kwanciya a zuba ɓawon gyaɗa, duk inda babur ya taɓa buge wani a ajiye jan barkono. Kafin a kira azahar barkono ya taru a ƙofar makaranta, ɓawon gyaɗa kuwa ya rufe kasuwa da lungun da yake bayan gidan Inna Talatu.

Ta dube ni ta ce, "Rabi, maza kwalta suke magana don su suke hawa babur. Mu da ƙafa muke yawo. In aka yi ruwa, mai naƙuda a lungun nan sai dai a naɗo ta a tabarma a ɗauko ta, don ko Lawan ba ya iya shigowa. Ki faɗa musu mu ruwa ne ya dame mu, sai tsallakawa, sai inuwa."

Na'urar awo ta jami'a ba kullum ake ba ni ita ba, kuma ba zan iya barin ta a ƙauye ba. Sai na sayi dogon tiyo irin na magina, wanda ake ganin ruwa ta jikinsa. Ku da kuka saba da maɓalli za ku yi dariya, amma in ka cika shi da ruwa ka kore kumfa, ruwan bakin nan da na bakin can daidai suke tsayawa, ko da kwana a tsakaninsu. Da shi da turaku da igiya da tef za ka san tudu ka san gangare. Na koya wa Lawan da mutanensa. Na kuma ba kowane gida aiki: duk lokacin da aka ɗauke ruwa, a ja gawayi a jikin katanga daidai inda ruwan ya kai. Damina guda muka yi a haka. 'Yan acaɓa su suke zaga gari, su suke kawo labarin kowane lungu.

Duk garin sun rantse daga kasuwa ruwan yake tasowa, tunda a nan suke ganin ya taru. Tiyo ya ce a'a. Daga gonakin arewa yake gangarowa, ya biyo wani tsohon burtali, wato hanyar shanu, ya faɗo titi. Kasuwa wurin da ya maƙale ne kawai. Lawan ya ƙi yarda, ya ɗauki tiyo ya sake awon da kansa, ya dawo yana dariya ya ce, "Hajiya, tiyon nan ba shi da kunya, ya ƙaryata har da liman." Ni kuma na san daga inda ruwan yake zuwa, amma ban san inda yake tafiya a da ba. Dattawan gindin tsamiya suka cike min. Akwai kududdufi a bayan kasuwa, inda kakanninsu suka ɗebi ƙasar gini. Shara ta cike bakinsa a hankali, Alhaji Sabo ya sayi wurin da ya cike ya kewaye da katanga zai yi sabon sito. Sauran ramin yana nan a bayan filinsa, ruwa ba ya iya kaiwa gare shi. Rabin amsar tana hannuna, rabi tana hannunsu.

Kafin mu zana komai sai da muka gwada titin a ƙasa, ranar kasuwa. Muka ja layi da toka, muka jera buhunan yashi a inda hanyar masu ƙafa za ta bi. Littafi yana da faɗinsa, amma Malam Idi ya ce shi awonsa amalanke ce: in an loda mata kara har ya zubo gefe, dole ita da mota su wuce juna. Aka kawo shanu aka loda, aka gwada, muka ƙara faɗi kaɗan. Masu tallan da muka zata za su koma cikin kasuwa suka ƙi tashi daga inuwa, sai muka bar musu wuri a tsakanin bishiyoyi. 'Yan acaɓa suka yi ta ƙorafi a kan tudun rage gudu, aka yi ta ja har aka tsaya a kan ƙofar makaranta da ta asibiti. Manyan motoci kuma muka fitar musu da hanya ta bayan kasuwa, su iso siton Alhaji Sabo ta baya. Ya zo ya duba, ya daɗe yana shafa gemu, ya ce, "Hajiya Injiniya, ban gamsu ba, amma ban hana ba."

Zirga-zirgar ma'aikata ba zan gajiyar da ku da ita ba. Ni da Malam Idi da Lawan mun san kowane benci a wurin. Allah ya haɗa mu da wani injiniya da shi ma ya riƙe wa Dakta Abba sanda. Ya saurare mu, ya duba awonmu, ya aiko aka sake aunawa, aka karɓi zanen garin. A jami'a kuwa shugaban sashenmu na lokacin ya ce min, cikin raha, wannan ai hira ce a gindin bishiya, ba injiniyanci ba. Abokan karatuna suka riga ni zama farfesa. Na je walimarsu na ci shinkafa.

Yanzu ga muguwar shekarar. Ku saurara da kyau, don a nan darasin yake.

Lambatu daga wutsiya ake fara shi. Ka fara buɗe inda ruwa zai fita, sannan ka riƙa haurowa, yadda ko aiki ya tsaya a tsakiya, abin da ka haƙa yana da mafita. Ɗan kwangilar da aka ba aikin ya iso da bazara, hadari ya fara haɗuwa. Maimakon ya fara daga kududdufi, sai ya fara daga bakin gari, inda manya za su gani in sun zo wucewa. Na same shi na faɗa masa, na kai magana ma'aikata. Ya ce, "Hajiya, kwantar da hankalinki, kafin ruwa ya zauna mun gama." Ya haƙa rami tun daga sama har ƙofar gidan Inna Talatu, ya zuba kankare a farkonsa kawai. Daga nan aiki ya tsaya. Wata safiya aka ɗora katafila a bayan babbar mota aka tafi da ita. A shekarar ne kuma jami'a ta shiga dogon yajin aiki. Ba mota, ba na'ura, ba ɗalibai.

Da marka ta zauna, ruwan da a da yake bazuwa ko'ina ya sami rami ya bi. Duk ya taru a ƙarshensa, a gindin katangun ƙasa, ba mafita. Katangar Inna Talatu ta faɗi, ta ja ɗakinta da rumbunta. Gidaje da dama a jerin suka tsage. Allah ya taƙaita tana maƙwabta lokacin, ba a rasa rai ba.

Na shiga motar haya na tafi. Garin da a da tun daga tasha ake min sannu da zuwa, ranar na yi sallama aka amsa min ciki-ciki. Wani ya ɗaga murya don in ji, ya ce, "Ga mai ramin nan ta iso." Malam Idi ya rame. Wasu sun je wajen dagaci suna neman a sauke shi, sun ce shi ya je Kano ya ɗauko musu bala'i. Lawan ya daina zuwa inda 'yan acaɓa suke taruwa. An kuma yanke shawara washegari za a fito a cike ramin, a aika wa gwamnati ko ta dawo da zanenta na farko ko ta ƙyale su da burjinsu.

Na sami Inna Talatu a gidan maƙwabciyarta, zaune a cikin tukwane da kwanukan da aka tono mata daga ƙasa. Na durƙusa.

Ta ce, "Rabi, kin ci abinci?"

Na ce, "Inna, jaje na zo yi."

"Na karɓa. Zauna. Ɗaki ƙasa ne, ya koma ƙasa. Ga abin da nake son ki faɗa min, kada ki ɓoye. Damina ba ta ƙare ba. In aka cike ramin nan, ina ruwan zai je?"

"Lungunku zai koma, Inna, kamar da. Kuma yanzu katangu sun sha ruwa, ba za su ɗauka ba."

"In ba a cike ba fa?"

"Sai an buɗe masa wutsiya zuwa kududdufi. Hanyar kuma ta cikin filin Alhaji Sabo take. A zane gwamnati ce za ta yi magana da shi, ga shi ba ta yi ba."

Ta jawo mayafinta ta ce, "Tashi mu je."

Muka same shi a ƙofar sito ana juya masa buhunan da suka ji danshi. Inna Talatu ƙawar mahaifiyarsa ce, don haka ya miƙe ya ba ta kujerarsa. Ta ƙi zama.

Ya ce, "Inna, Allah ya mayar da alheri. Amma ni tun farko na faɗa, da an bar gwamnati ta yi aikinta..."

Ta ce, "Ka faɗa, Sabo. Ba gardama na zo ba. Hanya na zo roƙar wa ruwa."

Ya juyo wajena ya tambayi faɗin da ake buƙata. Na ce kamar faɗin amalanke, ta gefen filin, kuma sai an fasa katangarsa gaba da baya.

"In aka fasa, ruwan ya ƙi bi fa?"

"Zai bi, Alhaji. Lawan ya auna, na auna."

"Na ce in ya ƙi."

Na ce, "In ya ƙi, ban san aikina ba ke nan. Ba za ku sake ganina a garin nan ba."

Ya juya ya kalli filin. Wuri ne da ya daɗe yana tanadi. Can ya ce, "Har yanzu ina ganin titin nan naku ya yi ƙanƙanta. Amma a fasa."

Malam Idi ya sa aka yi shelar gayya. Da safe mutane suka fito, amma da yawa shebur ɗin da suka riƙo na cike rami ne, suka tsaya gefe suna kallo. Lawan ya ɗauki tiyo ya wuce su. Ya gangara bakin kududdufi ya kafa turke na farko. Shi yana riƙe da baki ɗaya na tiyo, ni ina riƙe da ɗayan, da takalmin roba, taɓo har ƙwauri. Muka ja igiya, aka sa diga. Daga wutsiya muka fara, muna haurowa. Ƙasar da aka haƙa a kwanon sarki ake kwashe ta. Wajen hantsi sai ga tifa ta juye duwatsu, ashe Alhaji Sabo ne ya aiko don a jera a gindin ramin kada ruwa ya ci gefensa. Mata suka fito da kunu da ɗanwake. Masu kallo kuwa, kun san namiji ba ya iya daɗewa da shebur a hannu 'yan'uwansa suna haƙa. Ɗaya bayan ɗaya suka shigo layi. Wanda ya kira ni mai rami shi ya karɓi digar Malam Idi ya ce, "Baba, huta."

Mun bar ɗan tudun ƙasa tsakanin sabuwar hanya da tsohon ramin, ba mu taɓa shi ba sai da aka gama jera dutse. Da aka sare shi, ruwan da ya kwana a ƙofar Inna Talatu ya motsa ya bi. Amma wannan ba shaida ba ce, kowa ya san sai an yi ruwan sama. Na zauna a garin a gidan kawuna ina jira. Ran da aka yi shi, da la'asar ne, kamar da bakin ƙwarya. Gari ya cika zauruka ana kallo. Ruwa ya gangaro ja wur daga burtali, ya faɗa rami, ya taho da ƙarfinsa har ƙofar Inna Talatu, ya karya kwana, ya ratsa filin Alhaji Sabo, ya zube a kududdufi. Da aka ɗauke, muka bi lungu muna duba katangu. Duk layukan gawayi na bara suna can sama, a bushe. Malam Idi ya tsaya ya dube su, ya ce "Alhamdu lillahi," ya tattare rigarsa ya wuce masallaci. Ba a sake maganar sauke shi ba. Da kaka gari ya taru ya gina wa Inna Talatu ɗaki, wannan karon da harsashin dutse.

Sai bayan wasu shekaru aka dawo da aikin, da wani ɗan kwangilar. Wannan bai sha da daɗi ba, don kullum Lawan yana tsaye a kansa da tiyo. Kada ku zata komai ya fita yadda muke so. An sare darbejiya da dama a wajen kwana, an yanke gaban wasu zauruka. Tudun ƙofar asibiti ya yi tsawo, har yau 'yan acaɓa in sun hau shi ni suke ambata, kuma ba da addu'a ba. Leda tana toshe lambatu, sai an fito an yashe kafin kowace damina, wata shekarar a yi, wata shekarar a yi sanyin jiki sai ruwa ya tuna musu. Alhaji Sabo yana lodin tirelarsa ta baya cikin sauƙi, amma duk ran da muka haɗu sai ya ce titin ya yi ƙanƙanta.

Da na rubuta aikin na sa sunayensu tare da nawa, don tare muka yi. Na zama farfesa a makare, ban ga abin da makarar ta rage min ba. Daga baya irin wannan aikin ya kai ni wani gari a wajen Rimin Gado, ya kai ni lungunan cikin birnin Kano da sababbin unguwannin da ake gini kafin a fitar da hanya. A birni mota ta fi yawa, haƙuri ya fi ƙaranci, amma ko'ina toka da ɓawon gyaɗa da tiyo na fara fitarwa kafin na'ura. Lissafin da nake koya muku a aji dole ne, ba mai zana kwalbati da fatar baki. Sai dai lissafi ba zai faɗa muku inda mai ƙosai take son zama ba.

Malam Idi da Inna Talatu duk sun riga mu gidan gaskiya. Kwanakin baya na je garin gaisuwar wani rashi, ban sanar da kowa ba. Da na fito na ji ƙafata ta gaji, na zauna a wani dakali a inuwar darbejiya, kusa da wata matashiyar mata mai suyar awara. An tashi daga makaranta, ana ta tsallakawa, babura suna rage gudu. Wata amalanke ta wuce da kara, mota ta ba ta hanya. Matar ba ta san ni ba, aure ne ya kawo ta garin. Na sayi awara, na ce mata, "Titin nan naku da daɗin zama. Wa ya yi muku shi?"

Ta juya awararta ta ce, "Mutanen gari ne suka yi abinsu, Hajiya. Surukina yana ciki. An ce wata mata daga Kano ta riƙa zuwa tana riƙe musu igiya."

Na ce, "Allah sarki. Ta kuwa iya riƙewa?"

Ta ce, "An ce ba laifi." Ta ƙara min guda biyu gyara, ta ce in ci da zafinta.